Ranar da Muka Je Roƙon Iri

Na san kun sha jin labarin yadda na auri mahaifiyarku, domin Baffa Isa, Allah ya jiƙansa, ya ba ku shi ya fi a ƙirga, kuma duk bayarwa sai ya ƙara gishiri, ya wanke kansa tas, ya bar ni da tulin wautar. Kuna dariya ina tayawa, don abin dariya ne. Amma labarin yana da wani rabi da Baffa bai taɓa faɗa ba, saboda shi kansa bai san shi ba, kuma wannan rabin nake so ya zauna a hannunku in babu ni. Sai ku yi haƙuri in fara da zancen gona, tunda daga can abin ya taso.

Ƙauyenmu da ke arewa da Kiyawa ba haka na tashi na same shi ba. Ina yaro, in ka tsaya a bakin gari ba ka hango gonar mahaifina saboda gawo da kuka da tsamiya, kuma tafkin da ke yamma yana riƙe ruwa har bazara ta kusa. Sannu a hankali abin ya riƙa ja da baya. Damina ta koma zuwa a makare tana tafiya da wuri, igiyar guga kuwa kowace shekara sai an ƙulla mata ƙari. Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi, kowa yana bukatar wutar girki, sai motocin itace suka gano hanyar ƙauyenmu. Ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba, ni ma na sayar da gawo biyu daga gonar mahaifina, na sayi keke da kuɗin. Da itatuwa suka ragu, iskar bazara ta samu fili, ta riƙa kwaso rairayi daga arewa tana zubawa a gonakin mutane. Gidaje da dama suka tafi cirani ba su dawo ba, har layinmu ya zama in ka wuce gida biyu masu hayaƙi sai ka wuce kango.

A lokacin na samu aikin masinja a wani ofis a Dutse, na kama ɗaki guda a Yalwawa. Mahaifina ya rasu, ya bar mini Inna da ƙannena mata biyu. Albashin masinja sabulu da gishiri yake saye, gona ce ke ciyar da gida. Duk mun san in gona ta ƙi shekara guda, babu abin da ya rage sai in kwaso su in cusa a ɗakin Yalwawa, gidanmu ya bi sahun kangaye. Inna kuwa ta sha faɗa cewa daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya sai makabarta. Ga ni na haura talatin babu aure, duk garin ana kirana tuzurun gwamnati, Inna ma in ranta ya ɓaci haka take kirana.

Shekarar da nake ba ku labari, wadda ta gabace ta ba a samu abin kirki ba, rumbuna duk sun yi ƙasa. Irin geronmu dai yana nan, Inna ta adana shi a tulu da toka. Matsalata ita ce Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Na yi ta tunanin in ruwan shuka ya sauka ranar Talata ina ofis ina yawo da fayil, kafin in zo laima ta gudu. Sai na yanke shawarar yin binne. Ku da kuka tashi a birni, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. Ana yi, ba ni na ƙirƙiro ba. Amma masu hankali ba sa binne irinsu duka, kuma suna duban alamar sama. Ni kalandar ofis na duba. Da na ɗauko tulun zan juye a buhu, Inna tana bakin murhu, ta ɗago kai.

"Sule, duka za ka kwashe?"

"Duka, Inna. Gonar da girma, kuma ba ni da wani lokacin."

"Sama ba ta san Asabar da Lahadi ba, ɗan nan. Ka bar rabi."

"In ruwa ya sauka ina Dutse fa, wa zai shuka rabin?"

"Ni da ƙannenka hannuwanmu ba su karye ba."

Na yi dariya, na ce ta bar mini wannan, mu da ke zaune kusa da masu ilimin gona mun san abin da ake ciki. Gaskiyar magana ilimin gonar da na samu a Dutse bai wuce kai takarda teburin masu shi ba. Na saɓa sungumi, kwana biyu ina sara ƙannena suna zuba iri suna rufewa da diddige, har muka gama gonar bayan gida da babbar gona, tulu ya koma fayau.

Bayan kwana kamar biyu aka yi yayyafi, irin wanda yake jiƙa saman ƙasa ya bar ƙarƙashi a bushe. Ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba. Da na zo Asabar na ga gona ta yi kore shar, ta maƙwabta kuwa ko sara ba a yi ba, sai na riƙa tafiya a gari ina gyara zaman hula. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi, gobe ma haka. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Tsiron ya yi yaushi, ya murɗe, rairayi ya bi ta kansa ya binne sauran. Asabar ta uku na tsaya a tsakiyar babbar gona ina tona rami da yatsa, ban samu ko ɗaya mai rai ba. Da na koma gida Inna ta miƙo mini fura, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ruwan gaske bai sauka ba sai da lokaci ya ja sosai, wata Juma'a da la'asar, na iso gari ke nan a kan keke. Ruwa ne mai yawa, har ya tarar da kayan sawata a igiya ya jiƙe su. Gari ya ɗauki murna, kowa yana gyara sungumi, ni kuwa ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Geron kasuwa akwai shi, amma daga kudu ake kawowa, mai daɗewa a gona ne, in ka shuka shi a irin wannan makara sai dai ka girbe kara. Maƙwabta kuwa wasu sun riga sun cinye irinsu, wasu abin da suke da shi ko su bai isa ba. Na je wurin Baffa Isa, ƙanen mahaifina, na faɗa masa abin da ya riga ya sani. Ya yi mini faɗa son ransa, sannan ya ce mutum ɗaya ya sani da ba ya cin irinsa ko da yunwa za ta kashe shi, shi ne Malam Haruna na Tsohuwar Ruga. Bafulatani ne, shanunsa suka ƙare a babban farin da aka yi tun muna yara, ya zauna ya rungumi noma, kuma yana da wani gero mai saurin nuna da ya daɗe yana tsincewa kai da kai. Ban taɓa yin doguwar magana da shi ba, sai gaisuwa a kasuwa. Na ce wa Baffa ni kam ba zan iya buɗe baki in roƙa ba. Ya ce shi zai yi magana, ni dai in bi shi in sunkuyar da kai.

Da safe muka shirya. Kayana duk a jiƙe, abin da ya tsira kaɗai shi ne farin kaftanin da nake zuwa ofis da shi, da hularsa. Baffa kuma mutum ne da ko makoki zai je sai ya sa babbar riga. Inna ta ce ba a zuwa gaban dattijo hannu rabbana, ta ƙulla mana goro a ganye. Ku kwatanta abin a ranku da kyau: baffan yaro da babbar riga a gaba, tuzuru da farin kaftani a baya, ga goro a hannu. Babu wanda ya lura a cikinmu, buhun da zan zuba irin ma na naɗe shi a bayan keke.

Muka samu Malam Haruna a ƙofar gida yana sa wa sungumi ƙota. Ya shimfiɗa mana tabarma a jikin zana, aka gaisa, aka yi barka da ruwa. Baffa ya ajiye goro a gabansa, ya gyara murya.

"Malam, ba za mu tsayar da kai ba, yau ranar aiki ce. Ni da ɗana Sule muka zo. Roƙon iri muka zo yi a gidan nan."

Malam Haruna ya ajiye sungumin a hankali. Ya dubi goron, ya dube ni, ya dubi Baffa. Sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Alhamdu lillahi. Malam Isa, Allah ya saka da alheri. A shekara irin wannan, da kowa ke rage baki a gidansa, ku kuka zo ƙarawa. Hansai ta fita takaba tun kafin azumi, babu wanda ya ko leƙo. Yarinya ce mai haƙuri, ba don tawa ba ce. Zan tambaye ta, don bazawara ba a yanke mata, amma ni a wurina na ba ku." Ya share ido ya yi murmushi. "Sai dai zamani ya zo da sabon abu, yanzu har da mai neman ake zuwa."

Kun san in dangin namiji suka je neman aure, haka suke cewa, sun zo roƙon iri. Ni ma na sani, Baffa ya fi ni sani, ya faɗi kalmar nan a gidaje da yawa, shi ya sa ma ta zo bakinsa sumul. Kuma ba zai taɓa zuwa wa Malam Haruna a rai cewa ma'aikacin gwamnati mai farin kaftani ba shi da kwanon gero ba. Hansai 'yarsa ce, mijinta ya tafi cirani kudu ciwo ya kama shi can ya rasu, ta dawo gidan uba. Ni a ranar ban ma san kamanninta ba.

Na dubi Baffa don ya gyara. Mutumin da ya ce in bar masa magana sai ya buɗe baki ya ce, "To, madalla," ya shiga gyara hannun riga yana kallon wata akuya. A nan na gane ni kaɗai ne. In na yi shiru, na zama suruki, kuma suruki ba ya buɗe baki ya roƙi hatsi ranar da aka ba shi mata. Laima kuwa kwana biyu ce, jibi ina ofis, gona ta tafi, Inna ta tafi Yalwawa. In kuma na yi magana, na kunyata dattijon da yanzu ya zubar da hawaye a gabana, na kuma wulaƙanta matar da nake jin motsin turminta ya tsaya a bayan zana. Ban taɓa jin nauyi irin na wannan lokacin ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sauka daga tabarma na durƙusa a ƙasa mai laima da farin kaftanina.

"Baba, ka gafarce mu. Irin gero muke nufi. Na yi binne, na zuba duka, ya ƙone. Mahaifiyata ta hana ni na ƙi ji. Ba mu da ko ƙwaya a gida."

Malam Haruna ya daɗe yana kallon ƙasa, ni kuwa ina roƙon ta tsage in shige. Can ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa wa Baffa rabi.

"Malam Isa, kai da girmanka," ya ce, sai dariya ta ƙwace masa, gajeriya, irin ta mai jin kunya. Ya juyo gare ni. "Tashi, ɗana, za ka ɓata rigar gwamnati. Ni na yi gaggawa. Wanda ya zo roƙon iri gidana ba ya komawa haka, ko wane iri ne. Kawo buhunka."

Ya karɓi buhun ya shiga gida, muka ji yana magana ƙasa-ƙasa, ya fito ya ci gaba da gyaran sunguminsa. Jim kaɗan aka miƙo buhun ta saman zana, hannu kawai na gani. Na yi godiya har ya ce ya isa. A hanya Baffa ya fara cewa ai da ma shi yana shirin gyarawa na riga shi, ni kuwa na ci gaba da tura kekena har muka shiga gari.

A ranar muka shuka gonar bayan gida, Lahadi muka shuka babbar gona, har da Inna a bayan sungumi. Ruwa ya ɗan yi wasa a tsakiyar damina, kuma ya ɗauke da wuri kamar yadda aka yi tsoro, waɗanda suka shuka geron kasuwa suka tashi da kara. Namu kuwa ya riga ya yi ido. Ba mu samu mai yawa ba, amma mun samu abin da ya kai mu wata daminar, Inna ta zauna a ɗakinta har ranar da aka fitar da ita zuwa makwancinta, shekaru da yawa bayan haka. Labarin kuwa ya riga ya zaga, daga tuzurun gwamnati na koma Sule Mai Roƙon Iri, har direbobin tashar Kiyawa sun sani.

Da kaka na ɗaura dami biyu a keke na kai wa Malam Haruna. Ya ƙi karɓa, ya ce iri ba a mayar da shi, in dai ina so in gode masa, duk wanda ya zo mini da irin wannan bukata kada in juya shi. A hanyar dawowa na bi ta gonarsa ta arewa, wadda take bakin tudun rairayi, na gan ta fili fetal babu ko kara ɗaya. Na koma na tambaye shi, ya ce gona ce ya bari ta huta bana. Na yarda, don ina so in yarda. Amma gonar da ke bakin tudu kara da saiwar gero ne ke riƙe ta da rani. Da ta kwana shekara tsirara, iskar bazara ta hau ta, kafin wata damina rairayi ya cinye fiye da rabinta, bayan 'yan shekaru ko iyakarta ba a ganewa.

Zancen aure kuwa Inna ce ta tayar. Ta ce mun jefa 'yar mutane a bakin duniya, kuma ta bincika ta ji halinta, in ina da sauran hankali in je in ga ko za ta kalle ni. Na je zance sau huɗu kafin ta daina rufe baki tana dariya. Da ta amince, Baffa Isa ya koma da mutane, wannan karon ban bi su ba. An ce da ya ce sun zo roƙon iri, Malam Haruna ya tambaye shi, na tulu ko na ɗaki.

Sauran labarin ban ji shi ba sai a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da Allah ya yi wa Malam Haruna rasuwa aka zauna rabon gado. Kawunnanku mutanen kirki ne, kada wani ya gaya muku sun cuci mahaifiyarku. Sun so su ba ta kasonta a gonar kwari mai kyau, ita ta ce a ba ta ta arewa. Malamin da ke rabon ya maimaita mata tambaya sau uku, ta ce ta ji ta gani. Raina ya ɓaci, don lokacin kuna ƙanana, ga makaranta ga ci. Da muka dawo Yalwawa na same ta tana tankaɗe, na ce ta gaya mini abin da za mu yi da tudun rairayi. Ba ta daina tankaɗen ba.

"Malam, ranar da kuka zo, kwano biyu Baba ya ce in auna maka. Wanda zai ishe ka gonar bayan gida, ku samu na kunu. Sauran tulun na gonar arewa ne, na kwari yana wani tulun."

"To ai abin da aka ba ni ya shuka gona biyu."

"Ni na juye maka tulun duka. Ina bayan zana na ji ka. Da farko na ji kamar in mutu don kunya. Da na ji kana cewa mahaifiyarka ta hana ka ka ƙi ji, sai na ce wannan in ya koma da kwano biyu, tsohuwar nan tashi za ta yi. Baba ya leƙa tulun da yamma, ya dube ni, bai ce komai ba har ya bar duniya."

Shekara da shekaru ina cin tuwonta, ina yi mata faɗa a kan gishiri, ban san wannan ba. Na ce to ko don haka ai da ta karɓi ta kwarin, ta huta. Ta buga rariya a tafin hannu, ta ce,

"Ni na kashe ta, ba zan bar wa 'yan'uwana gawarta ba."

Na gode wa Allah da ya sa na yi wautar binne, na gode wa Malam Haruna, na gode har wa Baffa Isa da bakinsa. Amma mahaifiyarku ban san yadda ake gode mata ba, na gwada sau ɗaya ta ce in tashi in ba ta wuri tana aiki. Ku dai in an zo rabon abin da muka bari, aka ambaci gonar arewa, kada wanda ya yamutsa fuska a cikinku. Kakarku ta cika a ɗakinta, kuma duk tuwon da kuka ci a gidan nan kuna yara, jikan geron da ya kamata a shuka a can ne.